Tirayatlon na masu sha'awa

Tirayatlon wasa ne na juriya da ake haɗa tsere uku a cikinsa, ɗaya na bin ɗaya ba tare da hutu ba: ninkaya, sai tseren keke, sannan gudu da ƙafa. Agogo yana fara aiki tun daga lokacin da aka ba da alamar tashi, ba ya tsayawa sai ɗan wasa ya tsallake layin ƙarshe. Saboda haka har mintunan da mutum ya ɓata wajen tuɓe kaya da sa takalmi ana lissafa masa su. Sunan wasan ya samo asali ne daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya na nufin uku, ɗayar kuma gasa.

Mafi yawan masu shiga gasannin tirayatlon a duniya ba sana'arsu ba ce. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, da tsofaffin da suka yi ritaya, waɗanda ke atisaye da asuba ko bayan an tashi aiki, su kuma biya kuɗin shiga daga aljihunsu. Ana kiransu 'yan rukunin shekaru, domin kowa yana gogayya ne da sa'o'insa. A manyan gasanni da yawa sukan bi hanya ɗaya da ƙwararru a rana ɗaya, abin da ba kasafai ake samu a sauran wasanni ba.

Tarihi

A shekarun 1920 an riƙa yin wasu tsere a Faransa da suka haɗa gudu da keke da ninkaya, amma tirayatlon na zamani an fi danganta shi da gasar da aka yi ranar 25 ga Satumba 1974 a Mission Bay da ke San Diego, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Jack Johnstone da Don Shanahan, 'yan wani kulob ɗin masu gudu na birnin, su suka shirya ta, mutum 46 kuma suka shiga. Babu ƙwararre ko ɗaya a cikinsu, domin a lokacin babu wanda ke cin abinci da wannan wasa.

Cikin waɗanda suka shiga akwai John Collins, hafsan sojan ruwan Amurka, da matarsa Judy. Bayan sun koma Hawai, wata gardama ta taso tsakanin 'yan wasa kan su wa suka fi juriya, masu ninkaya, ko masu gudu, ko masu keke. Don a raba gardama sai ma'auratan suka ba da shawarar a haɗa manyan tsere uku na tsibirin Oahu a yi su rana guda: ninkayar Waikiki mai nisan kusan kilomita 3.9, zagayen tsibirin a keke mai kilomita 180, da gudun fanfalaki na Honolulu mai kilomita 42.2. An yi gasar ranar 18 ga Fabrairu 1978. Maza 15 suka fara, 12 suka gama, Gordon Haller, wanda ke tuƙin tasi a lokacin, ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46 da daƙiƙa 58. Daga nan sunan Ironman ya fito. A 1979 Lyn Lemaire ta zama mace ta farko da ta kammala, a 1981 kuma aka mayar da gasar Kona, a babban tsibirin Hawai.

Abin da ya fi jawo hankalin talakawa ga wasan ya faru ne a Fabrairun 1982. Julie Moss, wata ɗaliba da ta shiga gasar saboda binciken karatunta, tana kan gaba a ɓangaren mata sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta dab da ƙarshe. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe. Gidan talabijin na ABC ya nuna hoton, kuma mutane da dama da suka shiga wasan a shekarun da suka biyo baya sun ce wannan hoton ne ya ja su.

An kafa hukumar wasan ta duniya a birnin Avignon na Faransa a 1989, a nan kuma aka yi gasar duniya ta farko a shekarar. Les McDonald na Kanada ne shugabanta na farko. A 2020 ta canza suna zuwa World Triathlon. Wasan ya shiga Olamfik a Sidni a 2000, inda Simon Whitfield na Kanada da Brigitte McMahon ta Suwizalan suka ci zinare.

Nisan zango

Ba nisa ɗaya ake yi a kowace gasa ba. Mafi gajarta, wadda ake shirya wa sababbin shiga, takan kasance kusan mita 400 a ruwa, kilomita 10 a keke, da kilomita 2.5 a ƙasa. Gajeren zango kuwa mita 750 ne, da kilomita 20, da kilomita 5, kuma shi ne inda yawancin mutane ke farawa. Zangon Olamfik ya ninka wannan sau biyu: kilomita 1.5, da 40, da 10.

Daga nan sai dogon zango. Rabin Ironman, wanda ake kira 70.3 saboda jimillar nisansa a mil, ya ƙunshi kilomita 1.9 na ninkaya, 90 na keke, da 21.1 na gudu. Cikakken zango ninkinsa ne. A al'adance ana ba ɗan wasa awa 17 ya gama cikakken Ironman, da awa 2 da minti 20 na ninkaya a ciki. Wanda ya wuce lokacin da aka yanka wa wani ɓangare sai a tsayar da shi, ko da yana jin sauran ƙarfi.

Akwai dangogin wasan da aka cire musu ɓangare ɗaya: wani gudu ne da keke da sake gudu, wani ninkaya da gudu, wani kuma ninkaya da keke. Akwai kuma tseren miƙa-miƙa, inda mutum uku ke raba aikin, kowa ya ɗauki abin da ya fi iyawa.

Rukunin shekaru

Ana raba maza da mata, sannan a kasa su rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, kamar 30 zuwa 34, 35 zuwa 39, har zuwa sama da 80. A dokar World Triathlon, shekarun da mutum zai cika ranar 31 ga Disamba na shekarar gasar su ake dubawa, ba shekarunsa na ranar tsere ba. Wannan tsari ne ya sa dattijo ɗan shekara 65 da ya iso awa guda bayan na farko zai iya hawa dandamalin karɓar lamba, domin ya riga sa'o'insa.

Masu sha'awa suna da gasar duniya tasu. Hukumomin ƙasashe kan zaɓi wakilai ta hanyar tseren share fage, waɗanda suka samu gurbi kuma su sa rigar ƙasarsu, sai dai galibi su ke biyan kuɗin jirgi da masauki da rajista, har da rigar kanta. A tsarin Ironman kuwa kowace gasa tana da guraben zuwa gasar duniya da ake rabawa tsakanin 'yan wasa. Idan wanda ya samu gurbi bai karɓa ba a taron rabon, sai a gangara ga na bayansa, shi ya sa ake ganin wanda ya zo na bakwai ko na takwas ya zauna yana jiran a kira sunansa.

Shiga kai kaɗai ko a ƙarƙashin kulob

Ba sai mutum yana cikin kulob ba kafin ya shiga gasa. A ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya da Faransa, wanda ba shi da lasisin shekara na hukumar ƙasa yakan sayi lasisin kwana ɗaya lokacin rajista, wanda ya ƙunshi inshorar wannan rana. Wanda ke shiga gasa sau da yawa a shekara lasisin shekara ya fi masa araha.

Mai atisaye shi kaɗai yana da 'yancin tsara lokacinsa, abin da ke da muhimmanci ga mai aikin dare ko mai ƙananan yara. Amma akwai abubuwan da ba a koyonsu daga littafi ko bidiyo. Na farko shi ne ninkaya. Gudu da keke suna sakawa gwargwadon wahalar da aka sha, ninkaya kuwa dabara ce kafin ƙarfi, kuma mutum ba ya ganin kuskuren hannunsa ko yadda ƙafafunsa ke nutsewa sai wani ya tsaya a bakin ruwa ya gaya masa. Na biyu shi ne shiga tafki ko teku, wanda bai kamata kowa ya yi shi kaɗai ba, komai iyawarsa. Kulob kan kama hayar layuka a kwamin ninkaya, ya kawo mai horaswa, ya shirya fita buɗaɗɗen ruwa da masu sa ido a kwale-kwale. A nan ne kuma ake samun aron keke, da tsohuwar rigar ruwa a farashi mai sauƙi, da wanda zai nuna wa sabo yadda ake canza taya a bakin hanya.

Ƙarfin kulob ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa da Jamus kulob-kulob suna da gasar lig tasu, inda ake tara makin 'yan wasa a ba ƙungiya. A wasu wurare kuwa kulob bai wuce rukunin abokai da ke haɗuwa ranar Asabar su fita da keke ba. Illar atisaye cikin jama'a ita ce sabo kan yi ƙoƙarin bin sawun waɗanda suka fi shi, ya mayar da kowace fita tsere, ya ƙare da rauni kafin ranar gasa ta zo.

Shiri da kayan aiki

Mai lafiya da ya riga ya iya ninkaya kan iya shirya wa gajeren zango cikin 'yan watanni, yana taɓa kowane ɓangare kamar sau biyu a mako. Cikakken zango kuwa yakan ci mafi yawan shekara, da awanni masu yawa kowane mako, kuma nauyinsa ba a kan ɗan wasa kaɗai yake faɗawa ba, har da iyalinsa. Akwai wani atisaye na musamman da ake sauka daga keke a fara gudu nan take. Dalilinsa shi ne bayan doguwar tafiya a keke ƙafafu kan yi nauyi kamar ba na mutum ba, kuma gara a saba da wannan a gida da a fara haɗuwa da shi a fili.

Abin da ake buƙata don gasar farko bai da yawa: kayan ninkaya da tabaran ruwa, keke mai birki biyu masu aiki, hular kwano, da takalmin gudu. Yawancin gasannin sababbin shiga suna karɓar kowane irin keke mai lafiya. Sai dai wasan ya yi suna da tsada, kuma ba a banza ba. Keken da aka ƙera don tsaga iska kan kai farashin ƙaramar mota, ga rigar ruwa, ga agogon auna bugun zuciya, ga kuɗin rajistar dogon zango da kan kai ɗaruruwan daloli. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasan ya fi yaɗuwa tsakanin masu hali a ƙasashe masu arziki. Ga sabon shiga dai, keke mai tsada ba ya rufe gibin atisayen da ba a yi ba.

Ranar gasa

Tun da duhu 'yan wasa ke isowa filin canji, wani shingaggen wuri mai layukan ƙarfe inda kowa ke rataye kekensa a lambarsa, ya shimfiɗa takalmi da hula da lamba a ƙasa. Ana ba kowa 'yar na'urar auna lokaci ya ɗaura a idon sawu, galibi na hagu, don kada ta sarƙe da kacar keke da ke dama. Gogaggu kan taka daga ƙofar shigowa zuwa wurin kekensu su haddace hanya, domin wanda ya fito daga ruwa yana haki, kansa na juyawa, yakan rasa kekensa cikin ɗaruruwa.

Ana sakin masu ninkaya ne rukuni-rukuni, ko kuma 'yan kaɗan-kaɗan bayan kowaɗanne 'yan daƙiƙu. Mintunan farko su ne mafi wuya. Ruwa a gurɓace yake ba a ganin ƙasa, babu layin da za a bi kamar a kwami, ga hannuwa da ƙafafun mutane ta ko'ina. Dole mai ninkaya ya riƙa ɗaga kai yana hango manyan balan-balan masu launi da aka kafa a ruwa, in ba haka ba ya karkace ya ƙara wa kansa nisa. Wanda numfashi ya ƙwace masa yana iya kama kwale-kwalen masu ceto ya huta, doka ta yarda, muddin ba a ja shi gaba ba.

Zafin ruwa ne ke yanke hukunci kan rigar ruwa, wadda ake yi da wata irin roba da kaurinta ba ya wuce milimita 5. Tana riƙe ɗumi, tana kuma ɗaga jiki sama, don haka tana ƙara sauri. A dokar World Triathlon ta masu sha'awa, idan ruwa ya yi sanyi ƙasa da digiri 16 a ma'aunin Selshiyas wajibi ne a sa ta. Idan kuma ya kai kusan digiri 22 a zangon da bai wuce mita 1,500 ba, an hana, saboda gudun zafi ya yi wa jiki yawa.

A filin canji doka ɗaya ce ta fi kama sababbi: sai an sa hular kwano an ɗaure igiyarta kafin a cire keke daga maratayi, ba a kuma kwance ta sai an mayar da shi. Ba a hawa keke cikin filin, sai an tura shi an wuce wani layi da aka shata, haka ma a dawowa sai an sauka kafin layin. 'Yan wasa kan kira canji ɓangare na huɗu na wasan, domin minti biyu da aka sha wahala aka samu a ruwa kan iya tafiya wajen neman safa.

A kan keke, babbar doka ita ce hana laɓewa a bayan wani. Wanda ya manne wa tayar na gabansa yana samun kariya daga iska, wahalarsa ta ragu sosai. Ƙwararru a zangon Olamfik an yarda musu su yi tafiya a dunƙule, amma a yawancin gasannin masu sha'awa dole a bar wata tazara da doka ta ƙayyade tsakanin keke da keke. Mai son wucewa yana da 'yan daƙiƙu ya gama, wanda aka wuce kuma ya ja baya. Alƙalai na bin hanya a babur, su nuna shuɗin kati ga mai laifi, shi kuma ya tsaya a rumfar horo na wani ɗan lokaci. A gasa mai cunkoso kiyaye wannan tazara kan yi wuya, kuma ƙorafi a kanta ba ya ƙarewa tsakanin masu sha'awa. An hana sa abin sauraron kiɗa a kunne, da yar da shara a wajen wuraren da aka keɓe, da karɓar taimako daga 'yan kallo. Idan taya ta yi faci, ɗan wasa ne zai gyara abinsa.

Keke kuma shi ne wurin cin abinci. A tseren da ya wuce awa biyu jiki na buƙatar sukari da ruwa da gishiri a kai a kai, kuma ciki ya fi karɓarsu a kan sirdi fiye da lokacin gudu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a matsa wa keke fiye da kima saboda zumuɗi, sai a zo gudu a koma tafiya.

Haɗurra

Mutuwa a tirayatlon ba ta da yawa, amma tana faruwa, kuma mafi yawanta a ruwa ne. Wani bincike da aka buga a mujallar Annals of Internal Medicine a 2017 ya tattara mutuwa da tsayawar zuciya 135 a gasannin Amurka daga 1985 zuwa 2016. Guda 90 daga ciki a ninkaya suka faru, yawancin waɗanda abin ya shafa maza ne masu matsakaicin shekaru zuwa sama, kuma an samu ciwon zuciya da ba a san da shi ba a jikin da yawa daga waɗanda aka bincika gawarsu. Shi ya sa ake shawartar wanda ya manyanta, ko mai hawan jini, ko wanda ciwon zuciya ke danginsu, ya ga likita kafin ya fara.

A keke haɗarin na faɗuwa ne da karo da mota, musamman lokacin atisaye a titin da ba a rufe ba. A gudu kuma zafin rana ne. Rashin shan ruwa matsala ne, amma shansa fiye da kima shi ma yana rage gishirin jini har ya kai ga suma.

Tsabtar ruwa wani batu ne. A 1998 'yan wasa da dama sun kamu da wata cuta da ake ɗauka daga fitsarin dabbobi bayan gasa a tafkin Springfield na jihar Illinois. A Olamfik na Paris a 2024 sai da aka ɗage tseren maza da kwana ɗaya saboda ƙwayoyin cuta a kogin Seine bayan ruwan sama. A yawancin Afirka kudu da Sahara kuwa, tafkuna da madatsun ruwa da dama na ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, don haka ba kowane ruwa ne ya dace da atisaye ba ko da ya yi kyau a ido.

Su wa ke shiga

Madonna Buder, wata 'yar ɗariƙar Katolika mai hidimar coci a Amurka, ta kammala Ironman na Kanada a 2012 tana da shekara 82. Hiromu Inada na Japan ya gama na Kona a 2018 yana da 85. A Nuwamban 2020 Chris Nikic ya zama mutum na farko mai lalurar Down da ya kammala cikakken Ironman, a jihar Florida. Wasan masu buƙata ta musamman ya shiga gasar Paralamfik a Rio a 2016.

Batun sutura ya daɗe yana hana wasu mata Musulmi shiga. Shirin Gerami ta Iran ta shiga gasar duniya ta rukunin shekaru a Landan a 2013 sanye da kayan da suka rufe jikinta da kanta, bayan ta nemi amincewar hukumomin ƙasarta, ta zama mace ta farko da ta wakilci Iran a wasan. A 2016 ta kammala Ironman na Kona da irin wannan shiga.

A nahiyar Afirka wasan ya fi kafuwa a Afirka ta Kudu, inda ake yin Ironman a birnin Gqeberha, wanda a da ake kira Port Elizabeth. A yankin ne aka yi gasar duniya ta 70.3 a 2018, shekara biyu bayan Henri Schoeman ya ciyo wa ƙasar lambar tagulla a Olamfik na Rio. A sauran sassan nahiyar, ƙarancin kwamin ninkaya na jama'a da tsadar keken tsere su ne manyan shingaye, abin da ya sa tseren da aka cire masa ninkaya, wato gudu da keke da gudu, ya fi sauƙin shiryawa a garuruwan da ba su da ruwan da ya dace.